Alli a Katangar Maccido

Tun kafin ɗan kabu-kabu ya gama tsayawa Safiyatu ta hango abin a jikin katanga. Da'ira ce da farin alli, an ja mata layi a ƙasa. Duk mai aikin allurar korona a wannan yanki na Wurno ya san ma'anarta: an shiga gidan nan, an yi wa manya allura, babu marar lafiya a ciki. Ayarin da ya ga alamar ko sallama ba ya yi, gaba yake wucewa.

To, Safiyatu ce shugabar ayarin matan unguwar, ita ke raba allin da hannunta, kuma gidan nan gidan aurenta ne. Ta san sarai ba wanda aka yi wa allura a ciki sai ita. Da aka aike ta Goronyo ta taya ayarin can aiki na 'yan kwanaki, katangar fes ta bar ta. Ga shi kuma alamar can sama take, kusa da indararo, inda ko Hafiza da ta fi duk matan ayarin tsawo sai ta taka turmi kafin ta kai. Wannan aikin hannun dogon namiji ne.

Ta shiga da sallama, ta tarar da Inna Laraba, uwar mijinta, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta waiga ɗakin da ke kusurwa.

"Inna, ina Goggo? Na ga ɗakinta da kwaɗo."

"Ta tahi Rara wurin ɗiyarta," in ji Inna, ba ta ko ɗago kai ba.

"Da zazzaɓin nan nata?"

"Ya sake ta. Ke dai wanke hannu kahin ki taɓa muna tulu."

Goggo Kaltume yayar mai gidan ce, Baba Maccido. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta. Tsohuwar ungozoma ce, rabin unguwar a hannunta suka faɗo duniya, shi ya sa da aka fara allurar nan mutane suna ta rufe ƙofa, ita ta ɗauki sanda ta shige gaban ayarin. Ƙofar da aka ƙi buɗe wa Safiyatu, Goggo na buga sanda sau ɗaya za a buɗe ana ba da haƙuri. Ita kanta ranar da za a yi mata sai zazzaɓi ya rufe ta, ba a kuwa yi wa mai zazzaɓi. Safiyatu ta ce ta bari sai ta dawo daga Goronyo.

Ga sandar nan jingine a bakin ɗakin. Ga butar alwalarta, ga takalmanta na soso. Matar da ko bayan gida ba ta zagayawa ba sanda, ita ce wai ta tafi har Rara!

Da Zayyanu, mijin Safiyatu, ya shigo, ta ajiye masa ruwa ta ce, "Malam, wa yay yi alama ga katanga?"

"Ni ƙaƙa zan sani? Ba aikinku ba na?"

Ta bi shi da kallo yana sunkuyar da kai don ya shige ƙofar ɗaki. Ta ɗauko kwalin allin da ta bari a kan kwaba, ta ga an yage bakinsa.

Washegari da hantsi ta ga Inna ta rufe kwanon kunu da gefen mayafi, ta waiga hagu da dama, ta yi bayan ɗakuna. Can ne rumbun albasa yake, dogon ɗaki mai rufin ciyawa. Bazara ce, an kwaso albasa daga fadama an jibge, ana jiran motar fataken Kudu. Safiyatu ta laɓe jikin zana. Sai ta ji tari. Busasshe, dogo, mai ƙarewa da shaƙewa. Ta san shi, shi ta wuni tana ji a Goronyo.

Tana ganin Inna ta fita, ta ɗaura takunkumi ta ɗaga zanar da aka toshe ƙofar da ita. Zafi da yajin albasa suka buge ta har idanunta suka kawo ruwa. Tsakanin tudu biyu na albasa an shimfiɗa tabarma, Goggo na zaune ta jingina da bango, ƙirjinta na sama da ƙasa.

"Kin dawo, likita?" in ji Goggo, har da ɗan murmushinta. "Kin taho min da allurata?"

"Goggo, wa yak kawo ki nan?"

"Ɗan'uwana na. Ya ce kwana biyu kawai, har a yi lodi. Kar ki ga laihinshi."

"Wagga ba ta allura ba ta yanzu, Goggo. Asibiti za a kai ki."

"To, a kai ni," in ji tsohuwar. Tari ya sarƙe ta, sai da Safiyatu ta tallafe ta.

A fusace ta fito, ta tari Inna a bakin murhu. Inna ko a jikinta.

"Mura ta. Kuma ke da kike aikin asibiti ba ki san albasa na zuƙe cuta ba? Kowa ya san haka. Don maganin munka sa ta can."

"Inna, numfashinta na yankewa."

"Tsuhwa na. Ki kai shekarunta ki gani."

Ta samu Zayyanu a ɗaki. Shi bai tsaya wani kewaye-kewaye ba.

"Kin manta gidan Shittu bara? Daga an ga motar asibiti ga ƙoharshi, masu yankan ganye sunka gudu, masu lodi sunka ƙi zuwa, albasarshi tar ruɓe yana kallo. Noman shekara guda! Ki bari a yi lodi. Mota na hanya."

"In ta mutu kahin motar ta zo hwa?"

"Rai ga hannunki shike? Ki ji ni da kyau, Safiya. In maganar ga ta hita ta bakinki, ki san inda za ki kwana. Kuma ki aje min Nafisa."

Nafisa ita ce 'yarsu, ba a daɗe da yaye ta ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki wayarta, wai zai kai mata caji. Wayar ba ta dawo ba.

Haka aka shiga zaman kowa na gadin kowa. In Safiyatu ta ɗauki akwatin sanyi na ajiye allura za ta fita aiki, sai Inna ta raka ta har zaure tana cewa, "Mi za ki ce in an tambaye ki?" In ta dawo, a duba fuskarta a ga ko ta yi magana. Ita ma ta koma sauraron takun kowa, ta san lokacin da Inna ke shiga wanka, ta san lokacin da maza ke tafiya masallaci, a nan take satar jiki ta shiga rumbun da farasitamol da ruwa mai sanyi.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne aikin. Ta tsaya a ƙofar mutane ta ɗaga murya: "Salamu alaikum, masu allura na. Akwai marar lahiya cikin gidanga? Kar ku ɓoye, ɓoyo shi ka kisa." Tana faɗi bakinta na ɗaci. Ranar nan Hafiza ta dube ta ta ce, "Wai ina Goggo? Mata sai tambaya sukai. Mun zo gidanku kina Goronyo munka ishe alama, na ce ashe kin gama da naku kahin ki tahi."

"Tana Rara," in ji Safiyatu.

Wallahi da bakinta ta faɗa. Ta dawo gida ranar ta kasa cin tuwo.

Goggo kuwa kullum jiya ta fi yau. Da farko tana zama ta yi tsokana, tana cewa in ta warke ko a miya ba ta ƙara cin albasa. Sai zama ya gagara, ta koma yin salla a kwance da nuni. Kunun da take shanyewa ta koma kurɓa biyu ta kau da kai. Leɓunanta suka yi duhu. Magana ta koma guntu-guntu, kalma ɗaya sai hutu. Safiyatu kan kifa ta a kan cikinta yadda aka koya musu, numfashin ya ɗan daidaita, da ta fita kuma tsohuwar ta zame.

Matan da aka ɗauka yankan ganyen albasa suna zama ƙarƙashin dogon yaro a tsakar gida. Don kada su ji tarin, sai Inna ta ƙara zana ta biyu a ƙofar rumbun, ta kuma ɗauko rediyo ta ƙure murya. Ana waƙa, mata na shewa, wuƙaƙe na aiki, bayan zana mutum na kokawa da numfashi. Kuma a ce ba a kula da rumbun? Ana kula! Kullum da safe Zayyanu zai shiga ya juya albasa ɗaya bayan ɗaya, ya tsince masu laushi ya fitar da su waje su sha iska, don kada su lalata sauran. Yana tsallake ƙafafun goggonsa yana yi. Ita ce ta yi masa wankan farko ranar da aka haife shi, ita ta yanke masa cibi.

Da abin ya ishe ta, Safiyatu ta ce za ta yi wa mai gidan magana. Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ko a layin allura ta ci karo da wani Maccido, "mai sunan Baba" take kira. Sai ta durƙusa bayan zanar turakarsa, Inna ta tsaya a tsakani tana isar da magana kamar ba ya ji.

"Wai yarinya ta ce a taimaka a kai Yaya asibiti."

Baba Maccido ya gyara zama a kan buzu, ya yi magana yana kallon sama.

"Ki gaya wa yarinyar ga, ni ba ni ba da 'yar'uwata a kai ta a naɗe cikin leda, baƙi su ruhe ta ba wanka ba salla. Tausai nike mata. Ciki ɗaya munka hito, ba wanda zai koya min sonta."

"Ta ce wai yanzu ba a haka."

"Na karɓo rubutu, an yi mata hayaƙi. Mi ar rage? Ki ce mata ta yi haƙuri, motar ta lalace ga hanya, amma ta kusa. Da an yi lodi ni da kaina ni kai ta asibitin."

To ji fa. Asibitin da ake naɗe mutane a leda kafin lodi, shi ne kuma zai zama wurin magani bayan lodi. Safiyatu ta ji wannan sarai, Inna ma ta ji. Safiyatu ta tashi da gwiwoyinta duk ƙasa ta koma ɗaki.

Motar dai yau ce, gobe ce. Albasar ƙasan tudu ta fara ruɓa, wari ya haɗu da yaji, ƙudaje suka samu wurin zama. Ranar da aka ce tabbas motar ta kwana Achida, Safiyatu ta shiga rumbun da sassafe ta tarar Goggo ta ja jiki har bakin zana, ta kafa hancinta a wata 'yar ɓula. Ta ɗago ta, ba nauyi ko kaɗan.

"Safiya," in ji tsohuwar, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Ba ni son allurar. Ba ni son komi. Iska nike so. Wadda ba ta albasa ba."

Safiyatu ta kwantar da ita, ta fito, ta goya Nafisa, ta rataya akwatin sanyi. Inna ta biyo ta zaure da tambayar kullum. Safiyatu ta wuce ta. Gidan su Hafiza ta nufa kai tsaye, tana shiga kuka ya ƙwace mata, ta faɗi komai. Hafiza ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ke ko, Safiya!" Sai ta jawo mayafi. Suka je suka samo Malam Bashar, jami'in lafiya mai kula da ayarin, ya taso da motar asibiti.

Sun tarar da babbar motar Kudu ta toshe rabin layin, masu lodi na ta shiga suna fita da buhuna a ka. Baba Maccido na zaune a benci da falken, fuskar nan tasa kamar ranar salla. Yana ganin motar asibiti ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, an ce akwai marar lahiya ciki," in ji Malam Bashar.

"Wa yac ce? Ku duba katanga mana." Ya nuna da tasbaha. "Ba alamarku ba ta? Ku kunka rubuta da hannunku. Ko aikin ƙarya kukai?"

Masu lodi suka tsaya da buhuna a ka. Malam Bashar ya dubi alamar, ya dubi Safiyatu.

"Malama, ayarinki yay yi wagga?"

Zayyanu na bakin zaure, idonsa a kan goyon da ke bayanta. Sai Safiyatu ta ɗago kai, karo na farko a rayuwarta, ta dubi surukinta ido cikin ido.

"Ba mu munka yi ba. Baba, Goggo na cikin rumbu, kuma ka sani."

Wani mai lodi ya sauke buhunsa a hankali. "Wallahi na ji nishi bayan zana, na ɗauka akuya ta."

A kan tabarmar aka ɗauko ta, aka ratsa da ita tsakanin buhuna. Matan yankan ganye suka miƙe suna salati, akwai waɗanda ita ta karɓi haihuwarsu a cikinsu. Malam Bashar na duba ta ya ce wannan sai Sakkwato. Safiyatu ta shiga baya ta ɗora kan tsohuwar a cinyarta, ta sauke gilashi har ƙasa. Da suka fita gari iskar fadama ta shigo, Goggo ta buɗe baki, ta lumshe ido.

"Yawwa," ta ce.

Ba su kai Achida ba.

Aka juyo da ita. Ba leda, ba baƙi. Safar hannu kawai aka ba su da takunkumi, Safiyatu da Hafiza da wata dattijuwa suka yi mata wanka, aka sallace ta a ƙofar gidan ƙanenta. Kafin nan kuwa an gama lodi tsaf. Falke ya ɗan yi jim, aka rage masa wani abu, ya ce Allah ya jiƙanta, motarsa ta tashi. Ko ƙwaya ɗaya ba ta kwana ba.

A zaman makoki ne aka ƙarasa kashe ta. Duk wanda ya zo gaisuwa, Baba Maccido sai ya share ido da bakin rawani ya ce, "Mura ta kawai. Tana shan kununta, tana sallarta. Sai da masu allura sunka zo sunka ɗauke ta da ƙarhi, ko Achida ba ta kai ba." Mutane su girgiza kai su ce Allah ya isa. Waɗanda suka ga an fito da ita daga rumbu suka yi shiru, don gobe ma a gonar Maccido za su nemi aiki. Kafin a yi sadakar uku, ƙofofin da Goggo ta buɗe da sandarta sun koma sun rufe. Hafiza ta yi sallama a gidan da ta saba shan fura, aka sako mata kare.

Haka ake yi. Ba wanda ya ɗaga mata hannu, ba wanda ya hana ta kunu, kowa a gidan zai iya dafa Alƙur'ani ya ce yana sonta. An dai auna ta da albasa ne aka ga wadda za ta iya jira.

Da safe Zayyanu ya tsaya a ƙofar ɗaki, bai shiga ba. Ya jefa mata wayarta a kan gado.

"Ki tahi gida sai na neme ki. Yarinyar ki riƙe ta tukuna, Inna ba ta jin daɗin jikinta."

Safiyatu ta tsaya da ninkin zanen da take yi. Tun jiya ba ta ga Inna a bakin murhu ba. Ta leƙa, ɗakin Inna da kwaɗo. Matan yankan ganye sun tafi, ba sauran aiki a tsakar gida, amma ga rediyo can ƙarƙashin dogon yaro an ƙure masa murya, shi kaɗai. Ai akwai sauran albasa a fadama, wata motar ma na hanya.

Ta goya Nafisa, ta ɗauki ƙullin kayanta, ta rataya akwatin sanyi, ta fito. Masu zaman makoki sun cika tabarmi a ƙofar gida, Baba Maccido a tsakiya. Ta ɗaga kai. Tsohuwar alamar da ta fara kodewa an bi ta an sabunta, fara tas, an ma ƙara wata a samanta, dab da indararo.

Waƙar rediyo ta ƙare, kafin wata ta fara aka samu ɗan shiru. Daga can wajen rumbu tarin ya taso, busasshe, dogo. Duk wanda ke kan tabarmar nan ya ji shi, kowa ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha.

Safiyatu ta ajiye ƙullin. Ta kifa akwatin sanyi a gindin katanga, ta tsoma bakin hijabinta a butar wani mai gaisuwa, ta taka akwatin ta hau, da goyonta da komai. Ta miƙa hannu ta goge ta ƙasa, ta yi ɗage ta goge ta sama, farin ruwa na gangarowa ta gwiwar hannunta. Sannan ta sauko, ta juya ta fuskanci zauren, ta ɗaga murya yadda take yi a ƙofar kowa.

"Salamu alaikum, masu allura na. Akwai marar lahiya cikin gidanga?"